Ƙannena, ku kula da layin da ke cikin wayarku

Duk majalisar da ka zauna a Jos yanzu, daga Unguwar Rogo har Gangare, hirar samari ba ta wuce waya. Wane ya sayi sabuwar Infinix, wane ya saki Tecno ɗinsa ya ɗauko iPhone ta hannu, wannan tana da 5G waccan kyamararta ta fi fitar da mutum. Sai kuma kukan tsadar data, don tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kowa yana ji a jikinsa. Ni ma ina cikin masu wannan hirar. Amma har yau ban ji wani ya tayar da maganar ɗan sim ɗin nan da ke cikin wayar ba, alhali kuɗinku da sunanku da mutuncinku duk a jikinsa suke rataye, kuma a kansa nake so mu yi magana don ni ya taɓa kai ni ƙasa.

Mu da muka ga shigowar GSM a 2001, lokacin MTN da Econet, mun san sim da daraja. Kuɗinsa dubbai ne masu yawa, mai layi a unguwa sananne ne, har a wayarsa ake kiran maƙwabta. Da Glo ta zo a 2003 da lissafin sakan-sakan farashi ya fara sauka, aka yi ta sauka har ta kai ana miƙa maka sim kusan kyauta a ƙarƙashin lema a bakin titi. Daga nan muka raina shi. To muna cikin raina shi ne kuma aka yi ta ɗora masa kaya ba mu lura ba, a 2014 aka kawo BVN aka ɗaura ta da lambar waya, a Disambar 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, sai ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 wanda ya sa har mai shayi da mai tumatir na Farin Gada suka koma karɓar transfa. Yau duk wanda ya riƙe layinka, a wajen banki shi ne kai. Lambar da ake turowa don tabbatar da cewa kai ne, gare shi za ta je.

Ni wata yamma ce a cikin sanyin Disamba, na hau keke daga Terminus zan yi Bauchi Road. Mu uku ne a baya, ni ina tsakiya, wayata tana aljihun gefe na riga. Na gefen damana ya yi ta mutsu-mutsu wai yana neman canji a aljihunsa, bai yi nisa ba ya ce mai keke ya sauke shi. Sai da na zo biyan kuɗi na sa hannu na ji wayam. A bayan wayar kuwa, cikin robar nan da ake sa mata, akwai katin ATM ɗina, don a nan na saba ajiye shi kamar yadda nake ganin da yawanku kuna yi har yanzu.

Abin da na yi a daren nan shi ne ya fi satar kanta yi mini illa. Na koma gida na zauna ina jimamin wayar, kuɗin da na saye ta, hotunan yarana da ke ciki, ina ta kiran layin da wayar matata yana shiga ba a ɗauka, har na tura tes ina roƙon wanda ya tsinta ya dawo da ita zan ba shi tukwici. Na ce gobe in Allah ya kai mu na je ofishin kamfanin layi a rufe shi. Ko kaɗan banki bai zo mini a rai ba, tunanina ai wayar tana da lambar buɗewa ba wanda zai iya shiga. Ashe ɓarayin ba ruwansu da buɗe wayar. Tsinke kawai za su sa su zare sim ɗin su jefa a wata ƙaramar waya mai maɓalli, shi ke nan layi ya tashi a hannunsu, ga kati a gefe, lambar sirrina kuma shekarar haihuwata ce wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a Facebook ɗina. Kafin gari ya waye sun share asusun tas, kuma ko alat ɗaya ban gani ba tunda alat ɗin wajensu yake zuwa. Abin da ya fi ci mini rai har gobe, kuɗin ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai na adashen mahaifiyarmu da ta ba ni ajiya don ta ce a hannuna sun fi tsira. Ranar da na durƙusa gabanta na faɗa mata, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce "Allah ya mayar da alheri, kai dai ba su taɓa lafiyarka ba ko?" Wallahi da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Don haka ƙannena, idan aka ɗauke muku waya, kuka da cigiya su jira tukuna. A cikin mintunan farko ku ari wayar duk wanda ke kusa ku rufe asusun banki, bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya a toshe asusu, ku nemi ta bankinku tun yau ku rubuta a takarda ku sa a gida, don ranar da abin ya faru kanku ba zai kawo komai ba. Bayan banki sai kamfanin layi, 300 ita ce lambar kula da masu hulɗa a duk layukan tun da aka daidaita lambobin a 2023. Masu OPay da PalmPay da Moniepoint su ma kar su manta da su, da yawanmu kuɗin cefane a can yake zama.

Sannan akwai wani abu da ba ya cin minti biyu wanda da na yi shi da duk wannan bai faru ba, wato sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Daban take da ta buɗe waya. Kuna shiga saitin waya, ɓangaren tsaro, za ku ga wajen kulle sim. Idan kun kunna shi, duk lokacin da aka kashe wayar ko aka cire sim aka sa a wata, ba zai tashi ba sai an sa lambar. Amma ku yi hattara wajen sawa, idan aka yi kuskure sau uku layin zai kulle sai da PUK, ita kuma tana jikin faffaɗan katin nan da aka ɓallo sim daga ciki, wanda yawancinmu a nan shagon muke yar da shi. In ba ku da shi ku fara zuwa ofis su ba ku kafin ku taɓa. Kuma don girman Allah ku raba ATM da bayan waya, ku daina sa shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarku a matsayin lambar sirri, su ne farkon abin da ɓarawo ke gwadawa.

Washegari da na je yin welkom bak, wato a ba ni sabon sim da tsohuwar lambata, na ci karo da wata matsalar da ni na shuka ta da hannuna tun shekaru. Layin da sunan yayana aka yi masa rajista, don ranar da aka saya shi ne ya shiga layi ya dangwala yatsa ni ina sauri, da aka zo maganar NIN ma na ce ya haɗa da tasa kawai a wuce wajen. Yarinyar da ke kan kwamfutar ta duba ta ce "Malam, ba sunanka ba ne a nan, mai layin ne zai zo da kansa." Na yi magiya, na kawo lambobin da nake yawan kira, na ce shekara da shekaru ni ke amfani da shi, ta ce ta yarda amma ba yadda za ta yi. Kuma gaskiyarta ne, da za a ba duk wanda ya zo da labari layin wani ai da mun shiga uku. Yayana kuwa yana Fatakwal a lokacin. Kafin a samu ya je ofis a can a daidaita, waɗancan sun riga sun ɗauke WhatsApp ɗina, tunda lamba shida ce kawai ake turowa ta tes kuma tes ɗin hannunsu yake faɗawa. Suka bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya da sunana da hotona, wai ina asibiti da yaro a taimaka da gaggawa. Gwaggona ta tura. Da muka haɗu ta ce "ɗan nan, ai ganin hotonka na yi, ina zan tsaya tambaya?" Mutanen da suka fi ƙaunarka su ne suka fi saurin faɗawa, wannan shi ne abin da ya sa nake ganin sakaci da layi zalunci ne ga dangi ba ga kai kaɗai ba.

WhatsApp yana da matakin tsaro na biyu a cikin saitinsa, lamba shida da kai za ka zaɓa da kanka, ko an samu ta tes ɗin sai an nemi wannan. Ku kunna. Kuma duk wanda ya kira ku ya ce an turo muku wata lamba ku karanto masa, ko ya ce daga banki yake, ko daga gurup ɗin makaranta za a yi mitin, ko tallafin gwamnati ya fito, ku kashe wayar kawai. Banki ba ya neman wannan lambar a baki. Wanda kuma yake amfani da layin da ba sunansa ba, ko na uba ne ko na miji ko na saurayi, musamman ku 'yan mata da ake saya muku layi a miƙo, ku je a mayar da shi sunanku da NIN ɗinku tun ana zaman lafiya.

Sai maganar bashi, wadda ita ce na fi jin nauyin faɗa amma dole in faɗa don na ga yara da yawa suna shiga. Don in mayar wa Mama kuɗinta da wuri na sauke wata manhajar ba da rance, irin masu cewa ba jingina ba shaida minti biyar kuɗi sun shigo. Tana buɗewa ta nemi izinin ganin lambobin wayata da hotuna da saƙonni, na yi ta danna na yarda na yarda ban karanta komai ba. Abin da suka turo bai kai abin da na nema ba don sun cire nasu tun a sama, wa'adin kuma 'yan kwanaki ne, ga ruwa yana hawa kullum, ban da haramcin ribar da na sani sarai na rufe ido. Da na makara sai suka fara tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayata, surukina, limamin masallacinmu, maigidana a wajen aiki, wai ni ɗan damfara ne a guje ni. Kuɗi ana mayarwa, amma kallon da mutum zai yi maka bayan ya karanta irin wannan saƙon yana daɗewa bai goge ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara dirar wa irin waɗannan kamfanoni a 2022 ta kuma ce sai sun yi rajista, Google ma a 2023 ya hana manhajojin rance da ke Play Store ɗibar lambobi da hotunan mutane a Najeriya. An samu sauƙi, amma ba su ƙare ba, yanzu ta link suke zuwa a WhatsApp da Facebook su ce ka sauke kai tsaye. Duk manhajar da ta nemi ganin lambobin mutanenka kafin ta ba ka bashi, mutuncinka ta karɓa jingina. Gara ka je ka zauna gaban ɗan uwa ka ji kunyar minti goma.

Ƙananan abubuwan da ke cin kati a ɓoye kuma ba sai na daɗe a kai ba. In kun ga ana zare muku naira ashirin, hamsin, ba ku san dalili ba, galibi wani abu ne kuka danna ya yi muku rajista, *305# ake bi a tsayar. Saƙonnin talla kuma a tura STOP zuwa 2442. Idan kun kai ƙorafi kamfani bai saurare ku ba, 622 layin NCC ne kuma kyauta ne. Aron kati da data na *303# shi ma ku rage, akwai ladan da suke cirewa a kai, wanda ya saba kullum a cikin biyan na jiya yake.

Akwai kuma tsohon layin da kuka jefar a durowa kuka koma sabo don ya fi arhar data. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓe abinsa ya sake sayar wa wani, doka ta ba su dama. Idan da shi kuka buɗe asusu ko kuka yi BVN ko Facebook, to wani baƙo ne can zai riƙa ganin alat ɗinku da lambobin shiga. Wani abokin aikina sai da ya je cire kuɗi aka ce an tura lamba, ya tsaya yana jira shiru, ashe ta tafi layin da ya rabu da shi tun yana makaranta. Ku zauna yau ku tuna wane layi ne ke kan wane asusu, wanda kuka daina amfani da shi ku je banki da katin shaida a cike fom a canza, in kuma kuna son riƙe shi to ku riƙa sa masa ko ɗari ɗaya kuna kira lokaci-lokaci. Ku duba na iyayenku ma, yawancinsu ba su san da wane layi aka yi musu BVN ba.