Ɓallin da ya ɓata, mu ke mayar da shi

Kakana gyartai ne. A gindin tsamiyar ƙofar gidanmu yake zama, mata su kawo masa ƙwaryar nono da ta tsage, ya huhhuda ya ɗinke, ni kuma ina riƙe masa. In wani ɓalli ya ɓata gaba ɗaya, sai ya zazzage buhun tsofaffin sakaina, ya yi ta gwadawa har ya samu mai kauri ɗaya da lanƙwasa ɗaya, ya yanka ya dasa. Wannan na gada, sai dai ni tangaran nake gyarawa, da tukwanen ado, da ƙananan sassaƙen dawaki da tsuntsaye da ake jerawa a falo.

Haɗa abin da ya fashe, in duk gutsattsarin suna nan, haƙuri kawai yake so. Inda ake gane gwani shi ne wurin da babu komai, sai giɓi.

Bara wata Hajiya ta kawo mini tulu naɗe cikin zane, na mahaifinta. Ina juya gindinsa na ga hatimin makarantar tukwane ta Abuja da rubutun ajami, kusa da shi haruffa biyu, LK. Gabana ya faɗi. Aikin Ladi Kwali ne, shahararriyar maginiyar tukwane, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, wadda ta shiga makarantar tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja. Bakin tulun ya ɓalle kamar faɗin tafin hannu, ya tafi da rabin wutsiyar wani ƙadangare da ta zana.

Mutane sukan ce, ai sai ka kwaɓa laka ka cike. Laka tana ƙanƙancewa wajen bushewa da gashi, kusan kashi 10 cikin 100, kuma ba mai hankalin da zai mayar da tsohon tulu cikin wuta. Abin da na yi, na shafa silikon, wata roba mai laushi da ke daskarewa, a ɓangaren bakin da ke lafiya, ya ɗauki siffarsa, na zagayo da shi kan giɓin, na cusa kwaɓin efoksi, wani gam mai ƙamewa ya yi tauri. Da ya ƙame na bi shi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ina rufe ido ina shafawa da yatsa har na daina jin gaɓa. Wutsiyar ta ci mini kwana huɗu. Ban zana ta daga kaina ba. Akwai wani ƙadangaren a ɗaya gefen, shi na zauna ina kallo, zurfin layinta, inda take sassauta hannu, sannan na kwaikwaya. Launi kuwa da hantsi kawai nake haɗawa, a bakin taga, don wanda aka haɗa a hasken lantarki gari na wayewa yake tona asiri.

Haka dokin da ƙafarsa ta ɓata: a dasa siririyar wayar tagulla a matsayin ƙashi, a gina nama a kanta, ana duban ɗayar ƙafar.

Babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sufa gulu. Kafin kaya su iso hannuna, sau da yawa wani ya riga ya malala musu shi, gutsure ya zauna a karkace, gam ya shige cikin laka ya bar baƙin tabo. Sai in ɓata yini biyu da asiton, ruwan da ke narkar da gam, da auduga ina warware ɓarnar wani. Akwai kuma masu cike giɓi da siminti su shafe da fentin mota, su karɓi kuɗi kaɗan. Sannan mai kaya ya zo yana ce mini, "Malam, wancan ai rabin haka ya ce." A kan tukwanen laka ni Paraloid B-72 nake sawa, gam ɗin da gidajen tarihi ke amfani da shi, domin ko bayan shekaru wani na iya narkar da shi ya sake gyara ba tare da ya cuci tukunyar ba.

Duk wanda na yi wa aiki ina nuna masa inda hannuna ya shiga, kuma ina gaya masa kada a zuba ruwa ko abinci a ciki, na kallo ne yanzu. Hajiyar nan sai da ta juya tulun sau uku ba ta gano wurin ba, na kama yatsanta na ɗora a kai. Ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗana."

In naku ya fashe, ku share wurin tsaf, ku tattaro har ɗan mitsitsin da kuke ganin ba shi da amfani, ku naɗe kowane gutsure daban a takarda, ku kawo haka nan ba gam.