Ƙaiƙayin fata: ku san ciwon kafin ku sayi man shafawa

Ƙannena, a cikin ciwukan da muke rainawa ban san wanda ya kai ƙaiƙayin fata cin kuɗi da hana barci ba. Ba ya kwantar da mutum, shi ya sa ba a zuwa dubiya, ba a kai shi asibiti, sai dai shawara ta ko'ina. Wannan ta ce sanyi ne, wancan ya ce jini ne ya ɓaci, gwaggo ta ce ƙazanta ce kawai. Ni tun ina ƙarama nake fama da shi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya, kuma kusan duk abin da na yi masa a shekarun 'yanmatancina ƙara shi ya yi. Babban dalili shi ne ban san ciwon da nake yi wa magani ba.

Abubuwan da ke sa mutum susa suna da yawa, kuma maganin wani guba ne ga wani. Ƙazuwa wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ke haƙa rami a cikin fata. Ta fi tashi da dare, tana son tsakanin yatsu da wuyan hannu da kewayen cibiya, kuma in ta shiga ɗaki a makarantar kwana ko tsangaya sai ta zagaye kowa. Maganinta a shafa wa duk mutanen gida man kashe ƙwaron rana ɗaya, a wanke tufafi da zannuwan gado. Makero da kyasbi kuwa fangas, wata ƙwayar cuta dangin funfuna, ke kawo su, kuma suna da nasu man daban. Borin jini shi ne wanda jiki zai yi ruɗu-ruɗu nan take, ya baje a nan ya fito a can, kowane kumburi ba ya wuce kwana guda. Wanda nake fama da shi, wanda likitoci ke kira ekzima, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Ba a ɗaukarsa, ba a shafa wa wani, ko da kwano ɗaya kuke ci, gado ɗaya kuke kwana.

Fatar mai ekzima tamkar katangar ƙasa ce da yaɓenta ya zube: damshin ciki yana fita, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta na waje suna shiga, garkuwar jiki ta tashi da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Faɗan nan shi ne kumburi da ƙaiƙayi. A yi susa, fata ta ƙara tsagewa, ƙaiƙayi ya ƙaru, a sake susa. A shekarar 2006 masu bincike a jami'ar Dundee da ke Sikotilan suka gano cewa mutane da yawa masu wannan ciwo sun gaji rauni a wani furotin da ke riƙe saman fata, mai suna filaggrin. Ba kowane mai ekzima ke da wannan raunin ba, amma gado yana da hannu sosai. Ku duba danginku, da wuya ku rasa mai asma ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido. A wasu ƙasashe ciwon yakan kama kusan yaro ɗaya cikin biyar, da yawa kuma yana yi musu sauƙi in sun girma. A jikin jariri ya fi fitowa a kumatu. Kuma kada hotunan intanet su ruɗe ku, yawancinsu na farar fata ne inda wurin ke yin ja. A fatarmu duhu yake yi ko toka-toka, wani lokaci ƙananan ƙuraje, in an daɗe ana susa ya yi kauri ya yi kaushi.

Da yake an ce mini ƙazanta ce, sai na ɗauki wanka a matsayin yaƙi. Ruwa mai zafi sosai, soso mai kaushi, sabulun magani, ga ruwan kashe ƙwayoyin cuta da nake ɗigawa a bokiti har ya yi fari. In na fito wurin yakan yi raɗaɗi, ni kuma ina murna wai magani yana aiki. Ashe ɗan maiƙon da ya rage wa fatar nake wankewa. Ruwan zafi yana da daɗi a kan wurin da ke ƙaiƙayi, wannan ba ƙarya ba ne, amma da dare za ku biya bashin.

Abin da ya fi kowane magani yi mini amfani ya fi komai arha. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, minti biyar zuwa goma, da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu ba soso ba. A ɗan dadanna jiki da tawul, kada a goge, sannan a shafa mai tun jiki da sauran lema. Basilin fari marar turare ko man kaɗanya tsantsa sun wadatar, kuma a shafa da yawa, aƙalla safe da dare, har ranar da fata ta yi lafiya lau. A nan mutane ke faɗuwa, ni ma a nan na daɗe ina faɗuwa: da zarar an ga sauƙi sai a ajiye. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da leɓe da diddige, sai a ninka. Mu da muke alwala sau biyar a rana, ga wanki ga wanke-wanke da garin sabulu, hannuwanmu sun fi shan wahala, don haka ƙaramin gwangwanin mai a kusa da buta ba almubazzaranci ba ne. Man zaitun kuwa, duk da darajarsa a wurinmu, wani gwaji da aka yi a Sheffield ta Ingila aka wallafa a 2013 ya nuna yana raunana saman fata in ana shafa shi kullum. Ku ci abinku, amma kada ku mai da shi man shafawar jariri mai ekzima. Tufafin auduga sun fi na roba da na ulu, a yanke farce, kuma 'yar'uwa in kina da wannan ciwo ki yi hattara da dilka da halawa da turara kaya da humra a kan fata. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji ga amarya.

Sai batun kemis, inda na fi yi wa kaina ɓarna. Wani mai shagon magani ya ba ni irin man nan da ake ce wa mai haɗi uku, wai yana maganin kowane irin ƙurji. Cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayi ya tsaya, na ce na samu waraka. Na bari, ya dawo, na sake saye. Daga nan ya zama man shafawata, har fuska. Irin wannan man yana ɗauke da maganin fangas, da na kashe ƙwayoyin cuta, da kuma sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin da ke danne kumburi da ƙaiƙayi. Ku juya kwalin, in kun ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, to shi ne. Sitiroyid mai ƙarfi in aka daɗe ana shafawa yana sa fata ta yi laushi ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, yana kawo nankarwa da ba ta gogewa, da ƙurajen fuska, da haske dabbare-dabbare. Hasken nan ne ma ya sa masu haɗa man bilicin ke zuba shi a kayansu. Nankarwar da ke damtsena daga nan na samo ta. In kuma makero ne aka shafa wa, ƙaiƙayin zai lafa amma fangas ɗin zai yi ta yaɗuwa, kamanninsa su sauya har likita ya sha wuya kafin ya gane shi. Mafi muni shi ne a shafa wa jariri a ƙarƙashin kunzugu, inda fata ke tsotse shi ya shiga jiki.

Da na fahimci haka sai na koma ɗaya gefen, na ƙi duk wani mai da aka ce da sitiroyid a ciki, har wanda likitar fata ta rubuta mini. Na zauna ina susa har jini, wurin ya fara ruwa. Ita ce ta zaunar da ni ta ce maganin ba shi da laifi, yadda na yi amfani da shi ne laifin. Yana da matakai: mai sauƙi irin hydrocortisone kashi 1 cikin 100 don fuska da yara, mai ƙarfi don wurin da ya yi kauri kamar tafin hannu da ƙafa. Ana shafa shi a kan wurin da ya tashi kaɗai, sau ɗaya ko biyu a rana, na mako ɗaya zuwa biyu, a tsaya, a ci gaba da man shafawa na kullum. Awonsa ma da sauƙi: abin da aka matso daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram ke nan, yana isar wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba.

Abinci kuma, na bar gyaɗa, na bar ƙwai, na bar kifi da nono, na sha jiƙe-jiƙen wankin jini da allurai na sanyi. Ramewa kawai na yi. Abinci yakan tayar wa wasu yara ƙanana, gaskiya ne, amma ba shi ne tushen ekzima ba ga yawancin mutane. Hana yaro ƙwai da gyaɗa da madara a kan zato, a ƙasar da tamowa ke damunmu, cutarwa ce. Wani babban bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2015 ma ya nuna cewa jariran da aka fara ba su gyaɗa da wuri sun fi tsira daga alajinta, wato jiki ya ƙi ta ya yi bori, a kan waɗanda aka hana. Alajin abinci na gaske ba ya ɓuya: cikin mintuna zuwa awa biyu za a ga borin jini, ko kumburin leɓe, ko amai. Borin jini kaɗai, ƙwayar cetirizine ko loratadine takan kwantar da shi. Amma in harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ko mutum ya fara jiri, asibiti za a nufa a guje, allurar adrenaline ce ke ceton rai. Haka nan wanda ya sha wani magani, musamman masu sinadarin salfa, sai zazzaɓi ya zo da gyambon baki da jan ido da saɓulewar fata, ya daina sha nan take a kai shi asibiti.

Akwai kuma alajin taɓawa, wanda ya fi wuyar kamawa don ba ya fitowa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. 'Yan kunne da sarƙa da agogo masu arha da kan bel suna ɗauke da ƙarfen nikel, sai ƙurji ya fito daidai inda suke taɓawa. Masu aikin gini siminti ke cin hannunsu. Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne baƙin lalle. Lallen gargajiya ja yake yi, kuma da wuya ya cutar. Baƙin kuwa sinadarin rinin gashi ake zuba masa, wanda ake kira PPD, don ya kama da sauri ya yi baƙi wuluk. Wata za ta yi shi sau da yawa lafiya, ranar da jikinta ya ƙi shi sai zanen ya kumbura ya yi ruwa daidai yadda aka zana fulawar, ya bar tabo. Daga ranar kuma shi ke nan har abada, ko rinin gashi ta shafa sai kai da fuska su kumbura. Don Allah kada a yi wa yara ƙanana shi da salla. Likitan fata yana iya gano abin da jiki ya ƙi ta hanyar manna sinadarai a gadon baya na awa 48 a duba wanda ya tayar.

In ƙaiƙayi ya hana barci, ko wurin ya fara ruwa da ɓawo rawaya, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi suka feso tare da zazzaɓi, ko an yi mako biyu ana shafa mai babu canji, a nemi likita. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen fata, amma layi yana da tsawo, kuma sau da yawa ranar da aka ba ku ciwon ya lafa. Saboda haka ku ɗauki hotonsa da waya ranar da ya tashi, ku zuba duk mayukan da sabulan da kuka yi amfani da su a leda ku tafi da su, har wanda kuke jin kunyar nunawa.