Hannun da ke naɗewa: aikin da muke ci a kai

Ni dai sana'ata in aka tambaye ni sai in ɗan yi shiru tukuna, don in na ce ina ƙera jirgin ruwa ba gaskiya ba ne gaba ɗaya. Mu uku ne a shagon, ni da yara biyu, kuma abin da muke yi shi ne hannayen ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, irin masu jiki uku ɗin nan da ake kira tirimaran. Akwai uwar jirgin a tsakiya, sai 'ya'ya biyu siraran kwale-kwale hagu da dama, sai sanduna huɗu da suka gitta suka riƙe 'ya'yan. Su muke ce wa hannu. Masu harkar suna kiran ɗan gefen ama, hannun kuma aka, kalmomin mutanen tsibiran Fasifik ne da suka daɗe da irin wannan jirgi.

Matsalar gaba ɗaya faɗi ce. A ruwa jirgin yana son faɗi, don ba shi da nauyin dalma a ƙasa da zai hana iska kifar da shi, faɗin nan shi ne ƙafarsa. Amma kana fito da shi titi doka ta tare ka, a Turai tirela ba ta wuce mita 2.55, a yawancin Amurka ƙafa 8 da rabi, a Ostiraliya mita 2.5. To jirgin da a ruwa ya kusa mita 6 ya za ka yi da shi? Ko dai ka kwance shi ɓangare-ɓangare duk ranar da za ka fita, ka ɓata rabin yini kana ɗaure noti, ko kuma hannun ya naɗe. Masu jiki biyu ma suna fama, Hobie 16 dai ya tsira don faɗinsa bai kai iyaka ba, amma Tornado da ya ɗan haura mita 3 sai an karkata shi a kan tirela kamar mai ciwon wuya.

Wanda ya buɗe mana kasuwar nan Ian Farrier ne, mutumin New Zealand da ya zauna a Ostiraliya, ya fito da Trailertri ɗinsa a shekarun 1970, daga baya ya je Kalifoniya inda kamfanin Corsair ya fara ƙera F-27 a 1985. Ya rasu a 2017. Dabararsa ita ce kowane hannu yana da 'yan ƙarafa biyu masu gaɓa, na sama da na ƙasa, in ka kwance bol ka ɗaga bakin hannun na ciki sai ya miƙe sama, ɗan gefen kuma ya zamo ya lafe a jikin uwar, kuma duk a cikin ruwa ake yi, mutum ɗaya, minti biyu uku. F-27 daga kusan mita 5.8 yake komawa wajen 2.5. Sai kuma na Dragonfly, na iyalan Quorning a Denmak, wanda suka fito da shi a 1989, shi hannun ba ya tashi sama, baya yake lilo kamar ƙyaure, igiya kake ja da winci ko sifana ba ka taɓawa. Akwai na uku mafi sauƙi, bututun alminiyam da ke zurmawa ciki kamar eriyar rediyo, irin na Astus a Faransa.

Kowanne da abin da yake karɓa a hannunka. Na Farrier in ya naɗe gefen ɗan ne yake kwanciya a ruwa, ka bar shi haka wata guda a tasha ka dawo ka tarar gansakuka da ƙananan dodon koɗi sun yi gida a inda ba a shafa fentin ƙasa ba. Na lilo ɗan yana nan a tsaye abinsa, amma jirgin ya ƙara tsawo ta baya, in kuɗin wurin ajiya da tsawo ake lissafawa ka ga an ci ka ta can. Na zurmawa kuwa yashi da gishiri ne abokan gabansa, ya shekara ba a wanke ba sai dai guduma. In ƙaramin jirgi ne ƙasa da mita 6 ni na zurmawan nake ba mutane shawara duk da kuɗin aikina ya fi yawa a ɗayan, gaskiya ce kawai.

Kastoma in ya zo abin da yake so ya gani shi ne naɗewar, a buɗe a rufe a buɗe a rufe yana ɗaukar bidiyo. Ni kuma wallahi naɗewar ba ita ke hana ni barci ba, lokacin da hannun yake a buɗe ne. Ka lissafa, iska ta cika filafilai jirgin ya kwanta a kan ɗa ɗaya har uwar tana neman ɗagowa daga ruwa, to nauyin jirgin nan gaba ɗaya, tan ɗaya da wani abu har da mutanen ciki, ta hannaye biyu yake bi, ga igiyar ruwa tana dukan ɗan ta gaba tana murɗa shi. A tsarin Farrier ƙarfen ƙasa ne ake ja, bakin hannun na ciki kuma yana tokare jikin uwar. Wurin tokarewar nan in akwai ɗan gibi ko na kaurin kati ne, duk igiyar ruwa ɗaya hannun zai motsa ya buga, ƙwas ƙwas, sau dubbai a yini, ramin fil ɗin da yake zagaye ya koma kamar ƙwai. Shi ya sa rabin aikinmu ba ƙira ba ne, cike gibi ne da canza bushin.

Na taɓa cin kwakwa a kan wannan tun ina sabo. Na huda ramin gaɓar hannun baya ya kauce da milimita 3, na ce ai ba komai. Da muka zo naɗewa hannun gaba ya tafi lafiya na baya ya cije a rabin hanya, ɗan gefen ya tsaya a karkace, don hannu biyun nan dole su bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya, ɗan da ke tsakaninsu ba ya lanƙwasa ya yi maka uzuri. Sai da muka toshe ramin da ifoksi, wani gam mai ƙarfi, da faiba muka sake, sati biyu a banza kuma daga aljihuna. Tun ranar ba na kusantar dirila sai na yanka samfurin gaɓar da falanki, girmansa na gaske, na naɗe shi a jikin bango na ga ya tafi. Yaran suna ganin ɓata lokaci ne, ina ce musu ku dai yanka.

Sai tsatsa, wadda ba ta da hayaniya. Bol na sitenles a cikin alminiyam, ga ruwan gishiri, su biyun sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari har bol ɗin ya kafe. Hannun kabon ma haka yake yi wa alminiyam, har ya fi. Maganin ba tsada, a raba su da bushin na roba mai tauri a shafa man raba ƙarfe irin Duralac ko Tef-Gel, a riƙa ɗauraye gaɓoɓin da ruwan daɗi, amma mutum ya dawo daga ruwa a gajiye wa zai tuna.

Abin da nake nanata wa duk wanda ya zo ɗaukar jirginsa, jirgi a naɗe ba shi da ƙafa. Ga doguwar sandar filafilai a tsaye, wayoyin da ke riƙe ta da yawa a jikin 'ya'yan suke ɗaure, kana naɗewa za su saki, in ba ka ɗaura na wucin gadi ba ko iska ta bugo ta gefe ko ka yi kwana da gudu, sai labari ya canza. Wani ya kawo mana nasa bara, ya buɗe hannun ya manta bai ɗaure bol ɗaya ba ya fita yini guda, ya ce shi dai yana jin wata 'yar ƙara ya ɗauka anka ce, ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ke motsi. Yanzu haka hannun yana kan benci, muna jiran ƙarfen da za a yanko sabuwar gaɓa.