Ashe ba tayifot ba ce, kaskon wuta ne

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos tsakanin Disamba da Janairu ya san me nake nufi in na ce sanyi. Garin da ke kan tsauni, wajen mita 1,200, da asuba ruwan randa kamar daga firij aka ɗebo shi, alwala ma sai ka yi ta maza. To bara a irin wannan lokacin kusan sati biyu kullum da ciwon kai muke tashi a gidanmu a Anguwar Rogo, ni da maigida da yara, ga jiri ga tashin zuciya, amma da rana ta ɗago an fita tsakar gida sai ka ji garau. Na sha maganin maleriya, mai kemis ya ce tayifot ce na sha wannan ma, shiru kake ji.

Abin da nake yi kuwa, tunda gas ya yi tsada na koma gawayi kamar kowa, in na sauke tuwon dare sai in kwashe ragowar garwashin a kasko in kai ɗaki, a rufe windo ruf, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a saki labule, wani lokacin har da igiyar leko a gefe wai ko da sauro ɗaya ya rage. Ɗakin ya yi ɗumi luf, ni a ganina gata nake wa yara.

Ƙanwar maigida ce ta zo mana kwana biyu, nas ce, tana ɗaga labule ta ga kaskon ta yi salati. "Anti, kashe kanku za ku yi? Don Allah fitar da shi yanzu." Na ce ai ba hayaƙi, ya ruru ya yi ja, ta ce wannan ɗin ne ma abin tsoro. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta shiga yana fitar da wata guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da kala, kuma jinin mutum ya fi kama ta sama da sau 200 a kan iskar oksijin da muke rayuwa da ita. Wato kana barci tana cika maka jini, ba tari ba atishawa, wasu daga nan ba sa farkawa. Ita ce dai ta hayaƙin janareta da muke jin labarin an wayi gari iyali guda sun rasu. Wallahi daren nan ban runtsa ba, sai tashi nake ina taɓa yara.

Hajiya, surukata, da farko ba ta yarda ba. Ta ce su da suka yi jego da wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa me ya same su? Ban ja da ita ba, amma a raina na ce ɗakunan da ai iska na ratsa su ta jinka da ƙyauren kara, mu kuwa siminti ne da silin da windon gilashi, kamar ka rufe mutum a kula.

Yanzu kasko iyakarsa tsakar gida, a sha ɗumi a can a kashe. Na je kasuwar Katako na kwaso barguna da suwaita na gwanjo, kowa da safarsa, in sanyin ya yi yawa in zuba ruwan zafi a jarka in naɗe da zane in sa a ƙasan bargo. Windo ɗaya kuma ko yaya sai na bar 'yar kafa. Igiyar leko na sallame ta, gidan sauro ya ishe mu.

Ƙura ce har yanzu muke fama, wannan hazon da yawancinsa daga Bodele ta ƙasar Chadi iska ke kwaso mana shi. Ka buɗe windo ta shigo, ka rufe ka shaƙi naka. Dabarata dai na daina shara da busasshiyar tsintsiya a ɗaki, tayar da ita kawai take ta koma ta zauna, sai mofa da jiƙaƙƙen tsumma, kafet ɗin falo ma na naɗe shi sai damina.

Turaren wuta kuwa gaskiya ba zan iya bari ba, kar ma a fara. Amma da hantsi nake sawa yanzu, yara suna makaranta, windo a buɗe, ba kamar da da nake turnuƙe ɗaki har sai ido ya yi ja ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 kimanin mutum miliyan 3.2 ne gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi ajalinsu, galibi daga hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir, da na ji haka kurfotina ma na fito da shi daga kicin zuwa baranda.

Saura janaretan maƙwabcinmu, bakin salansarsa saitin windon yara yake. Maigida ya yi masa magana sau biyu cikin mutunci, ya ce in sha Allahu zai matsar, yau wata uku kenan.