Abin da na koya a aikin zaɓen hanya a MANET

Yanzu da na rufe wannan aiki na zaɓen hanya mai tsimin wuta a MANET, wato cibiyar na'urori masu yawo da ke miƙa wa juna saƙo ta rediyo ba tare da wata tasha ta tsakiya ba, kuskure ɗaya ne nake so masu shigowa su kauce masa, domin shi ya fi cin lokaci: yarda da abin da na'ura ta faɗa game da batirinta.

Ga yadda yake faruwa. A AODV, tsarin neman hanya da aka tsara a takardar ƙa'ida ta RFC 3561 a 2003, na'urar da ke neman hanya takan watsa saƙon nema, RREQ, wadda ake nema ko wadda ta san hanyar kuma ta amsa da saƙon amsa, RREP. Hanyar da lambar jerinta (lambar da ke nuna sabuntar hanya) ta fi girma ita ake ɗauka, in lambobin sun zo ɗaya sai a duba wadda ta fi ƙarancin zango, wato tsallaken saƙo daga na'ura zuwa na'ura. Mai son tsimin wuta sai ya ƙara gurbi a cikin saƙon, kowace na'ura ta rubuta ragowar batirinta, a zaɓi hanyar da mafi raunin na'urorinta ta fi sauran ƙarfi, kamar yadda tsarin da ake kira MMBCR ke yi. A gwajin kwamfuta abin gwanin sha'awa ne, tsawon rayuwar cibiyar yakan ƙaru. Amma wa ya auna batirin? Na'urar ce da kanta. Muguwar na'ura guda ta isa: ta ce batirinta cike yake, duk hanyoyi su karkato gare ta, ta riƙa zubar da fakitocin bayanan da aka ba ta ta miƙa. Harin baƙin rami ke nan, kuma ba ta ma buƙatar ƙirƙiro babbar lambar jeri kamar yadda aka saba a irin wannan hari, mu muka buɗe mata sabuwar ƙofa. Akwai kuma mai son kai, wadda za ta ce batirinta ya kusa mutuwa don kada a ɗora mata kayan kowa.

Sa hannu na dijital ba ya maganin wannan. SAODV, wato AODV da aka ƙara wa tsaro, yana kare sassan saƙon da ba sa canzawa da sa hannu, yana kuma kare adadin zango da sarƙar hash (lissafin da ba a iya juya shi baya), amma na'urar da ke da maɓalli na halal za ta sa hannu a kan ƙaryarta, saƙon ya wuce lafiya lau. Ga kuma nauyi: RREQ bayit 24 ne, RREP 20, alhali sa hannun RSA mai bit 1024 bayit 128 ne, na ECDSA a kan P-256 kuma 64. Tunda RREQ watsa shi ake yi ko'ina, kowace na'ura sai ta karɓi wannan ƙari, ta kuma tantance shi da wutar da ake ƙoƙarin tattalawa.

Abin da ya fi aiki shi ne a rage ribar ƙaryar. A sa iyakar ragowar batiri irin ta CMMBCR, wato MMBCR mai sharaɗi, yadda duk na'urar da ta haura iyakar za a ɗauke ta daidai da sauran, don haka iƙirarin cikakken batiri bai ƙara mata komai ba. A kunna tutar D a RREQ, wanda ake nema shi kaɗai ya amsa. Sannan a riƙa auna hanya da fakitocin da suka isa ƙarshe aka tabbatar, a bar dogaro da abin da na tsakiya suka ce. Sa ido a kan maƙwabta ta hanyar saurarensu yana kama wasu, sai dai yana hana rediyo barci, kuma karon saƙonni kan sa a zargi mai gaskiya.

Duk mai duba aikin da ya ce a cire muguwar na'ura daga gwajin wuta don zanen sakamako ya yi kyau, ya cuci ɗalibinsa, kuma ɗalibin ne zai tsaya gaban masu jarrabawa. A haɗa gwajin tsaro da na wuta a yanayi guda tun farko.

Sauran darussan gajeru ne. Kada a bar wutar zaman sauraro a sifili a manhajar gwaji ta ns-2 ko ns-3, domin a katunan 802.11 (Wi-Fi) da aka auna ta haura rabin wutar aikawa. A tsarin motsi na random waypoint, inda kowace na'ura ke zaɓar wurin zuwa da gudunta bisa dace, kada mafi ƙarancin gudu ya zama sifili, in ba haka ba na'urori sai su yi ta rage gudu har cibiyar ta kusa tsayawa. Saƙon HELLO da na'ura ke aika wa maƙwabtanta kowace daƙiƙa ma wuta yake ci, a sa shi cikin lissafi.