Rumman ya shigo kasuwa

Asabar. Yau rumman ya sake bayyana a teburan masu kayan marmari, ɗanɗanonsa ma ya fi na watan jiya. A ƙasashen da ake nomansa sosai, irin su Iran da Indiya da Masar, kakarsa takan kama daga Satumba har cikin hunturu.

Wurin zaɓe, jan bawo ba shi ne alamar ya nuna ba. A ɗauka a hannu a ji nauyinsa. Mai nauyi shi ne mai ruwa. A duba wanda gefensa ya ɗan yi kusurwa, domin 'ya'yan da suka cika ne ke tura bawon haka. Rumman ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, don haka ajiye ɗanye a ɗaki ɓata lokaci ne. Bawon da iskar hunturu ta busar ba laifi ba ne, amma wuri mai laushi ko baƙi, a bar wa mai shi kayansa.

Da yamma aka yi aikin ɓarewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba shi biyu kamar lemo: wuƙa ta fasa 'ya'yan, ruwan ya fantsama a riga, tabonsa kuwa da wuyar fita. A yanke hular saman kaɗan, za a ga farin tantani ya raba cikin gida biyar ko shida. A bi layukan nan da bakin wuƙa a bawo kawai, a buɗe da hannu cikin kwanon ruwa, a murje 'ya'yan da babban yatsa. 'Ya'yan za su nutse, tantanin ya taso a kwashe shi. Shi ne mai ɗaci da bauri. Rumman matsakaici yakan ba da kusan kofi ɗaya.

In ruwansa ake so, a ɗan taɓa 'ya'yan a bilenda na 'yan daƙiƙu a tace. In aka daɗe, ƙwayar ciki ta niƙe ruwan ya yi ɗaci. Ni dai na fi son a ci da ƙwayar, a watsa kan kindirmo, sukari ma bai zama dole ba.

Ragowar 'ya'yan sun shiga firiji cikin roba mai murfi, kwana huɗu zuwa biyar za su kai. In sun yi ruwan ƙasa ko suna warin giya, a zubar. Mai shan maganin tsinka jini ko na hawan jini ya tambayi likitansa kafin ya mai da ruwan rumman abin sha na kullum.