Shamakin cikin batirin litiyam: abin da ke sa shafensa ya jure zafi

Daga Maris zuwa Mayu, idan zafin Katsina ya haura digiri 40, masu haɗa sola da masu shagon cajin waya sukan yi ta tambaya ko ranar nan kaɗai za ta iya tayar da gobara a batirin litiyam. Amsar tana wajen wani abu da ba a gani daga waje: wata 'yar leda fara da aka shimfiɗa tsakanin ɓangaren fozitif da na negatif, wadda za mu kira shamaki. Kaurinta maikiron 9 zuwa 25 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato bai kai rabin kaurin gashin kai ba. Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi, kusan kashi 40 cikin 100 na girmanta, ta nan litiyam ke kai da komo cikin ruwan batir, amma ɓangarorin biyu ba sa taɓa juna.

Da roba iri biyu ake yin ta. Polietilin, PE, tana narkewa wajen digiri 130 zuwa 135. Polifirofilin, PP, sai wajen 165. Shi ya sa aka yi mai hawa uku, PP a waje PE a tsakiya, irin Celgard 2325 mai maikiron 25: zafi na kaiwa 130 sai ta tsakiyar ta narke ta toshe ƙofofi, wutar lantarki ta tsaya, na wajen su riƙe. Dabara ce mai kyau, amma tazarar digiri 30 ba ta da yawa idan batir ya riga ya fara ɗumama kansa.

Babbar matsalar ma ba narkewa ba ce, motsewa ce. A masana'anta jan ledar ake yi ana miƙar da ita, don haka da ta ji zafi sai ta nemi komawa yadda take tun kafin ta narke. Wadda aka yi ta hanyar jiƙa da mai aka ja tsaye da kwance takan motse ta kowane gefe. Wadda aka ja a bushe ta gefe ɗaya, a tsayinta take motsewa. Ku yi lissafi: shamaki mai faɗin milimita 60 idan ya motse kashi 5 cikin 100, ya rasa milimita 3, ɗaya da rabi kowane baki. Rarar shamakin da ake bari a bakin faifan negatif, wato shimfiɗaɗɗen ɓangaren negatif, kuwa ba ta wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Da bakin ya buɗe sai fozitif da negatif su haɗe, zafi ya ƙaru, shamakin ya ƙara janyewa.

Maganin da ya zama ruwan dare shi ne shafen tangaran, wanda kamfanin LG Chem na Koriya ta Kudu ya fito da nasa a 2004 da sunan SRS. Garin ma'adinin alumina ko na bohemait ake kwaɓawa, ƙwayarsa maikiron 0.5 zuwa 1, a shafa maikiron 2 zuwa 4 a fuska ɗaya ko biyu. Alumina ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000. Bohemait ya fi ta laushi nesa ba kusa ba, wajen 3 a ma'aunin taurin Mohs inda alumina ke da 9, saboda haka ba ya cinye wuƙaƙen yanka da injin shafe, kuma ya fi sauƙin nauyi.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Suna jin digiri 2,000 sai su ɗauka magana ta ƙare. Garin ba shi ke gazawa ba. Gam ɗin da ya riƙe shi ne ke saki. Kamar yaɓen bango ne: yashi mai kyau ba ya hana yaɓe zubowa idan siminti ya yi kaɗan ko bangon bai sha ruwa ba. A busasshen shafe garin tangaran ya kan kai kashi 90 zuwa 96, sauran ɗan abin gam ne da sinadarin da ke hana garin dunƙulewa. Wannan ɗan abin shi ke yanke hukunci a digiri 150. Gam ɗin akirilik mai laushi yana mannewa da kyau a zafin ɗaki, amma da zafi ya hau sai ya yi ruwa-ruwa, ledar ƙasa ta motse ta ja ƙwayoyin su hau kan juna. Wani gam mai suna PVDF yana narkewa wajen digiri 170, nau'insa da aka gauraya don ya ƙara manna wa faifan batir kuma ya fi saurin saki, yana kumbura cikin ruwan batir. Don haka mai neman juriyar zafi yakan haɗa biyu: ɗan akirilik don mannewa, sannan gam mai tauri irin CMC ko poliakirilamaid, ko a sa wanda zarurrukansa ke sarƙewa da juna lokacin bushewa. Idan gam ya yi yawa kuma, ya toshe ƙofofi. Ana gane haka da gwajin Gurley, wato daƙiƙa nawa iska mililita 100 za ta ɗauka ta ratsa shamakin. Shafe mai kyau ɗan kaɗan yake ƙarawa a kan na ledar tsura. Idan ya yi tsalle, batirin zai riƙa zafi da kansa wajen caji, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Cunkoson ƙwayoyi shi ne na biyu. Idan sun matsu da juna, ko gam ya yi laushi babu inda za su matsa. Ana samun haka da gauraya manya da ƙanana, ƙananan su cike gurbi. Sai dai gari mai laushi sosai yana tsotsar danshi, danshi kuwa abokin gabar gishirin LiPF6 ne da ke cikin ruwan batir: suna haɗuwa sai su haifar da asid ɗin HF mai cin faifan fozitif. Dole a busar da naɗin shamaki a rufe shi kafin a kai ɗakin haɗa batir.

Wajen shafawa ma akwai tarko. PE ba ta son ruwa, kwaɓin ruwa yana taruwa a kanta ɗigo-ɗigo kamar a ganyen gwaza, ya bar tabo babu shafe. Ko dai a ɗan ƙona fuskar da tartsatsin lantarki kafin shafe, ko a ɗiga sinadarin jiƙawa. Bushewa kuma a hankali ake yi, wajen digiri 50 zuwa 70. Aka matsa wuta, ledar ta fara motsewa tun a injin, gam ya taso sama ya bar gindin shafen babu riƙo. Shafen fuska ɗaya ya fi arha, amma yana nannaɗewa kamar ganda idan ya ji zafi. A ganina, duk batirin da zai zauna ƙarƙashin rufin kwano ya cancanci na fuska biyu.

Gwajinsa ba wuya: a yanka santimita 10 a kan 10, a yi alamar tsaye da kwance, a sa tsakanin takardu biyu a tanda mai digiri 150 na awa ɗaya, a sake aunawa. PE tsura takan yamutse ta lalace. Mai shafe nagari ana son ya tsaya ƙasa da kashi 5. A kuma manna salatif a ɓare, a ga ko gari zai biyo shi.

Wanda ya fi shafen tangaran shi ne shafen aramid, wata roba mai jure zafi, irin na Teijin da Sumitomo Chemical a Japan. Ba ya bukatar wani gam, shi kansa ne ke zama raga a kan ledar, kuma ba ya lalacewa sai wajen digiri 400. Tsadarsa da sinadarin narkar da shi ne suka hana shi yaɗuwa.

To, mu dawo gida. Digiri 45 na Katsina ko Daura ba zai narkar da shamaki ba. Abin da yake yi shi ne rage tazara da tsufar da batir. Gobarar takan fara ne daga wuri ɗaya ƙanƙani: tsinin walda, lotsewa, ko cajin da ya wuce ƙa'ida. Wayar Galaxy Note 7 da Samsung ya janye a 2016, binciken kamfanin ya nuna lanƙwasar faifai a kusurwa da tsinin walda da ya huda shamaki. Shafe yana hana irin wannan hudar faɗaɗa, ba ya hana ta faruwa. Saboda haka, Malam mai sola, kada ka caja batir jikinsa ya haura digiri 45, kada ka wuce volt 3.65 a kowane sel (ƙwayar batir guda) na litiyam irin LiFePO4 ko 4.2 a na kwamfutar hannu, ka raba shi da inbata mai huci, ka bar masa hanyar iska. Masu haɗa fakiti da tsofaffin sel 18650, masu siffar ƙaramin gwangwani, kuma, a daina ɗora kan goran dalma a kansu ana jira. Ƙarƙashin murfin sel ɗin bakin shamakin yake, kuma goran yakan kai digiri 300. Sel ɗin da ya lotsa a gefe a fitar da shi daga layi, ko da mita ta nuna cikakken volt.